Rijiyar da Na Sa Aka Rufe

Ɗan ƙaramin madubin likita na saya a Sakkwato, irin na 'yan makaranta, don in riƙa nuna wa ɗalibaina fatar albasa da ƙafar ƙuda. Daga baya na shiga ɗiga masa ruwa: na randa, na kududdufi, har na rijiyar unguwarmu a Kagara.

A ruwan rijiyar ne na ga wata halitta tana zabura, wutsiyarta a rabe biyu. Nan take na tuna hoton da ke littafi, inda tsutsar tsargiya ke fitowa daga dodon koɗi da wutsiya mai reshe biyu. Mu da ke bakin gulbin Rima, inda ruwa ke kwance rani da damina tun da aka gama madatsar Goronyo a 1984, ba wanda bai san yaro mai fitsarin jini ba. Ban nemi shaida ta biyu ba. Bayan la'asar na faɗa wa mai unguwa a gaban jama'a, aka jibga wa rijiyar ƙaya. Malami ya faɗa, ga na'ura a hannunsa, wa zai yi musu?

Yara suka koma ɗiban ruwa a magudanar fadama, suna shiga har gwiwa.

Da na kai ruwan a kwalba wurin wani ma'aikacin ɗakin gwaji a Wurno, yabo na je nema. Ya leƙa, ya ɗago, ya ce, "Malam, zo ka dubi kanta." Ido ɗaya ne ja a tsakiyar goshi, ga dogayen gashin baki biyu, ga ƙafafu, ga jakar ƙwai a kowane gefe. Tsutsar tsargiya ba ta da ko ɗaya daga cikinsu. Ƙumar ruwa ce, in ji shi, wadda a da take ɗauke da kurkunu kafin a tabbatar Najeriya ta rabu da shi a 2013, kuma tace ruwa da ƙyalle ya isa ya tare ta. Duk waɗannan alamu suna gabana tun ranar farko. Wutsiyar kaɗai na kalla, don ita nake son gani.

Sai ya tambaye ni ko akwai dodon koɗi a rijiyar. Na ce babu. "To yanzu ina yaran ke ɗibo ruwa?"

Bakina ya mutu. Ni da kaina na koyar a aji cewa ta fata tsargiya ke shiga, kuma da tsakar rana ta fi fitowa daga dodon koɗin, daidai lokacin da yaran ke tashi daga makaranta su ɗauki jarka. Na ɗauke su daga ruwan da ba ta ciki na tura su inda take.

A daren na koma wurin mai unguwa na ce, "Ranka ya daɗe, kuskure na yi," kuma na maimaita a ƙofar masallaci da asuba. Aka kwashe ƙayar. Na rubuta sunan duk yaron da ya shiga magudanar, don ƙwan tsargiya ba ya fitowa a fitsari sai bayan wata biyu zuwa uku, sannan za a san wanda ke bukatar magani.