Rajistar Masu Lafiya

A watan Fabrairu na shekarar 1945, sa'ad da yaƙin Hitila ya kusa ƙarewa, shugabanni uku suka taru a wani gari wai shi Yalta, a bakin Bahar Aswad, don su shawarta yadda duniya za ta zauna bayan yaƙi. Akwai Roosevelt na Amurka, da Stalin na Rasha, da Churchill na Ingila. Aka ɗauki hotonsu suna zaune a jere, kowa ya duƙunƙune cikin rigar sanyi. A ran nan babu mahalukin da ya fi su iko a bayan ƙasa. Amma ciwo ɗaya ne ya kwashe su duka ukun. Roosevelt ya riga, bayan wata biyu kacal. Stalin ya bi shi a watan Maris na 1953, Churchill kuwa a watan Janairu na 1965. Kowannensu jijiyar jini ce ta ɓaci a cikin ƙwaƙwalwarsa, watau ciwon nan da a ƙasar Hausa a ke kira shanyewar jiki, ko mutuwar ɓarin jiki.

Ga yadda abin ya ke. Zuciya famfo ce, jijiyoyi kuwa su ne bututun da ta ke tura jini ta ciki. In likita ya ɗaura awo a damtsen mutum, lamba biyu ya ke karantawa: ta sama ita ce ƙarfin jini sa'ad da zuciya ta matse, ta ƙasa kuwa sa'ad da ta saki. Na mai lafiya ya kan zauna wajen 120 bisa 80. In ƙarfin nan ya yi yawa, shekara da shekaru, sai bangon jijiya ya yi kauri ya ƙandare, ko kuwa ya raunana kamar tsohuwar salka. Wata rana sai gudan jini ya toshe hanya, ko jijiyar ta fashe jini ya malala cikin ƙwaƙwalwa. Da ya ke kowane ɓarin ƙwaƙwalwa ɓarin jikin da ke daura da shi ya ke mulka, in ɓarnar ta auku a hagu, hannun dama da ƙafar dama ne za su mutu, sau da yawa har da magana. Mugun halin hawan jini shi ne ba ya sallama. Mutum ya kan yi shekara ashirin da shi yana cin tuwonsa, yana zuwa aikinsa, bai ji kome ba.

To, Roosevelt fa ba talaka ba ne da za a ce rashin likita ya cuce shi. Likitansa na musamman babban hafsa ne na sojan ruwa, sunansa McIntire, amma gwanintarsa ta kunne ce da hanci da maƙogwaro. Sai a watan Maris na 1944, da 'yar shugaban ta matsa, aka kai shi wurin wani saurayin likitan zuciya, Howard Bruenn. Shi ya auna ya sami 186 bisa 108, ya kuma tarar zuciyar ta kumbura ta fara gazawa. Ya ba shi dijitalis, maganin da ke ƙarfafa bugun zuciya, ya ce ya rage taba, ya rage aiki. Iyakar abin da ke hannunsa ke nan. Ran 12 ga Afrilu, 1945, shugaban yana zaune a gidansa na hutu a Warm Springs, wata mata tana zana surarsa, sai ya ce kansa na tsananin ciwo, ya suma. Aka auna, aka sami 300 bisa 190. Kafin la'asar sakaliya ya cika, yana da shekara 63. McIntire ya gaya wa 'yan jarida wai abin ya zo ba zato ba tsammani.

Kada mai karatu ya yi saurin zargin likitan. Abin da aka koya wa yawancin likitocin zamanin shi ne hawan jini abokin tsufa ne, kuma wai jiki ne da kansa ke ƙara ƙarfin turi don jini ya ratsa jijiyoyin da suka ƙandare, sabo da haka wanda ya saukar da shi ya yi ɓarna. Har akwai wani lissafi da a ke yi, a ce ɗari a haɗa da shekarun mutum, in lambar sama ba ta wuce haka ba, to, lafiya lau. Ko da wani ya so saukarwa ma, da me zai saukar? Ba a sami ƙwayar kirki mai sauƙin sha ba sai wajen 1958. Kafin nan a kan ɗora mutum a kan shinkafa da 'ya'yan itace ba gishiri, ko a yi masa babban aiki a yanke waɗansu jijiyoyi a bayansa. A waɗannan shekaru kuwa kusan rabin masu mutuwa a Amurka ciwon zuciya ne da na jijiyoyin jini ke kashe su, ba wanda zai iya faɗin dalili.

A shekarar 1948 Shugaba Truman, wanda ya gaji Roosevelt, ya sa hannu a dokar da ta kafa ma'aikata musamman don binciken ciwon zuciya. Cikin ayyukan da ta ɗauka akwai wani wanda a ido ba shi da wani armashi, don ya fi kama da aikin malamin haraji bisa ga na likita. Aka zaɓi wani gari mai suna Framingham, wajen mil ashirin yamma da Boston, mai mutum kamar 28,000. Aka bi gida gida ana roƙon mutane, har aka rubuta mutum 5,209, maza 2,336 da mata 2,873, masu shekara daga wajen 30 zuwa 62. Kowace shekara biyu mutum zai zo, a auna tsawonsa da nauyinsa da ƙarfin jininsa, a ɗebi jini, a ɗauki hoton ƙirji, a sa masa na'urar da ke zana bugun zuciya a takarda, a tambaye shi kara nawa na taba ya ke sha. Ba a ba shi ko ƙwaya ɗaya. In an ga abin tsoro, sai a rubuta wa likitansa. Sa'an nan a rufe fayil, a jira.

Hikimar abin tana cikin jiran nan. Likitan asibiti ba ya ganin mutum sai ya riga ya faɗi. In ya tambayi dangi yadda majinyacin ya ke a da, kowa zai faɗi abin da ya tuna, kuma tunanin mutum ya kan karkata wajen abin da ya riga ya gaskata: wannan ya ce baƙin ciki ne, wancan ya ce yawan aiki. Amma rajistar da aka rubuta tun mutum yana da lafiya ba ta da wannan aibi, domin mai rubutun bai san wanda zai faɗi ba, bare ya gyara alƙalaminsa. Duk wanda ya taɓa zama a ofishin hakimi ya san ranar da gardamar gona ta tashi, tsohon littafin da aka rubuta tun ba a yi faɗa ba ya fi shaidu goma. Mutanen Framingham sun ba da jikinsu aka mai da shi irin wannan littafi, alhali sun san yawancin amfanin ba su za su ci ba.

Shekara tara aka yi kafin littafin ya fara magana. A 1957 aka fitar da rahoto na farko, aka nuna masu hawan jini sun fi sauran kamuwa da ciwon zuciya nesa ba kusa ba. A 1961 shugaban aikin, Thomas Dawber, da abokinsa William Kannel da waɗansu, suka jera abubuwan da in mutum yana da su haɗarinsa ya ƙaru: hawan jini, da yawan kitsen jini da a ke kira kolestarol, da kaurin naman zuciya. Taba ta shiga jerin, haka ciwon sukari da ƙiba. A 1970 lissafi ya nuna hawan jini shi ne gaba a cikin abubuwan da ke jawo shanyewar jiki. Sa'an nan aka rushe wata tsohuwar koyarwa, wadda ta ce lambar ƙasa kaɗai ce abin kula. Ashe ta sama ma babbar mai gargaɗi ce, musamman ga tsofaffi. A 1978 aka ga masu wani irin bugun zuciya marar tsari sun ninka sauran mutane kamar sau biyar wajen shanyewar jiki, domin jini ya kan daskare a lungun zuciya, gudan ya ɓalle ya hau kai.

Saura kaɗan aikin ya mutu a tsakiya. Wajen ƙarshen shekarun 1960 hukuma ta ga shekara ashirin da aka yi alkawari sun cika, ta yi niyyar rufewa. Dawber ya shiga yawon neman taimako wurin masu hali, har daga baya Shugaba Nixon ya sa baki aka ci gaba, Jami'ar Boston ta shigo ciki. A 1971 aka rubuta 'ya'yan mutanen farko da matansu da mazansu, su 5,124, a 2002 kuma aka fara rubuta jikoki.

Amma fa rajista tana da iyaka. Ta nuna hawan jini da shanyewar jiki tare su ke tafiya, ba ta tabbatar da cewa in an saukar da ɗaya ɗayan zai kauce ba. Wannan sai da wani likita, Edward Freis, ya gwada a asibitocin tsofaffin sojan Amurka. Ya ɗauki maza 143 waɗanda lambarsu ta ƙasa ke tsakanin 115 da 129, aka ba 73 magani, 70 kuma aka ba su ƙwaya mai kama da magani amma babu kome a ciki. Cikin saba'in ɗin nan mutum 27 suka gamu da babbar masifa, waɗansu har suka mutu. Cikin masu shan magani kuwa mutum biyu rak. Da aka ga haka sai aka tsai da gwajin, aka ba kowa magani, aka buga labarin a 1967. Da Roosevelt ya ƙara shekara ashirin da 'yan kai a duniya, da ƙwayar da ba ta kai kuɗin goro ba ta yi masa abin da dukan ikon Amurka ya kasa.

Iyaka ta biyu ita ce mutanen Framingham na farko kusan dukansu Turawa ne. Ba lalle abin da aka auna a jikinsu ya yi daidai da na baƙar fata ba. Sabo da haka a shekarar 2000 aka fara irin wannan rubutu a garin Jackson na jihar Mississippi, a kan baƙaƙen Amurka fiye da 5,000. A Afirka ta Yamma kuma likitocin Nijeriya da na Gana suka haɗa kai a asibitoci 15, har da na Kano da na Zariya, Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan yana cikin jagorori. Suka gwada mutum 2,118 da jikinsu ya shanye da waɗansu 2,118 masu lafiya, tsara da tsara, suka buga abin da suka samu a 2018. Cikin kowane goma da suka faɗi, kamar tara hawan jini na da hannu a ciki. Matsakaicin shekarunsu 59, watau magidanta ne masu iyali a wuya, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku jijiya ce ta fashe, irin ta Roosevelt. Ƙarancin cin ganye, da barbaɗa gishiri a kan abincin da aka riga aka dafa, suna cikin abubuwan da aka lissafa.

A garuruwan Hausa da yawa, in dattijo ya shiga kewaye da asuba ya faɗi, baki ya karkace, abin da a kan fara faɗi shi ne iska ta buge shi, ko an yi masa jifa. Ba abin dariya ba ne, tun da babban likitan shugaban Amurka ma cewa ya yi abin ya zo ba zato. Sai dai kwanakin da a kan yi ana turare da shafe-shafe kafin a nemi mota suna da tsada. Tun 1995 aka tabbatar akwai allurar da ke narkar da gudan jinin da ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa, amma a bisa ƙa'ida cikin sa'a huɗu da rabi na farko a ke yin ta. Kuma ba a yin ta sai an ɗauki hoton cikin kai, an tabbata toshewa ce, domin in fashewa ce allurar ƙara zubar jinin za ta yi.