Kantin Sari a Garin Masu Cefanen Kullum

Ranar 27 ga Agusta, 2019, kamfanin Costco na Amurka ya buɗe kantinsa na farko a babban yankin ƙasar Sin, a unguwar Minhang ta birnin Shanghai. Rana ba ta faɗi ba aka rufe ƙofa, saboda jama'a sun fi ƙarfin wurin. Motoci sun toshe titunan da ke kewaye, masu neman inda za su ajiye mota aka ce su jira har awa uku, sai da 'yan sanda suka zo raba cunkoso. Daga washegari aka ƙayyade cewa mutum 2,000 kawai za su kasance a ciki lokaci guda. Duk wannan ana tsakiyar rikicin harajin kaya tsakanin Amurka da Sin, kuma a shekarar da manyan 'yan kasuwar Turawa ke naɗe tabarmarsu. Carrefour ta Faransa ta sayar wa kamfanin Suning na Sin kashi 80 cikin ɗari na harkarta a Sin, Metro ta Jamus ta amince ta miƙa mafi yawan hannun jarinta na can ga kamfanin Wumart na Sin, Amazon ma ta rufe kasuwarta ta cikin gida.

Costco kantin sari ne, amma ba 'yan kasuwa kaɗai yake sayar wa ba, magidanta ne galibin masu zuwa. Sai ka biya kuɗin kati na shekara kafin a bar ka ka shiga: dala 60 a Amurka a wancan lokacin, yuwan 299 a Shanghai. Ciki kuwa sito ne zalla. Ƙasa siminti, rufi can sama, kaya a jibge kan katakon da aka sauke su a kai, ba wanda ya ɓata lokaci yana jera su ɗaya-ɗaya. Nau'in kayan da ke ciki bai wuce wajen 4,000 ba, alhali babban kanti na yau da kullum yakan ajiye 30,000 ko fiye. Man girki iri biyu ko uku, sabulun wanki haka, kowanne a ƙaton mazubi. Kamfanin ya ɗora wa kansa dokar kada ribar da yake ɗorawa kan kaya ta wuce kashi 14 ko 15 cikin ɗari. To ina yake cin tasa ribar? A katin. A shekarar kuɗi ta 2019 kuɗin kati ya kawo masa dala biliyan 3.35, ribarsa gaba ɗaya kuma dala biliyan 3.66 ce. Sol Price ne ya fara wannan tsari a San Diego a 1976 da kantin Price Club, Jim Sinegal da Jeffrey Brotman suka kafa Costco a Seattle a 1983, kamfanonin biyu suka haɗe a 1993.

A Amurka tsarin ya zauna daram domin rayuwar wurin ce ta haife shi. Magidanci na zaune a bayan gari, gida mai garejin mota da ɗakin ajiya, wani ma da firiza ta biyu. Kanti na da nisa, ba ya zuwuwa sai da mota, saboda haka gara a je sau ɗaya a cika bayan mota a huta na mako biyu. Naman da aka saya a daskarar, takardar banɗaki a jibge a gareji. Mutum na sayen sauƙin farashi ne da filin gidansa.

Nan Shanghai filin ne babu. Wani zai ɗauka yawan iyali ne ya bambanta, amma ba haka ba ne: ƙidayar 2020 ta nuna matsakaicin gida a Sin mutum 2.62 ne, na Amurka ma kusan 2.5. Bambancin yana ga ɗakin girki. A benen da nake zaune, mutum biyu ba sa iya juyawa a kicin lokaci guda, firijin kuma tsayinsa bai kai kafaɗata ba. Mota ma ba kowa ke da ita ba, don lambar mota ta Shanghai gwanjonta ake yi, kuma takan kai wajen yuwan 90,000 kafin a zo maganar motar kanta. Ga kuma al'adar ciki. Basine yana son ganye ɗanye shar, kifi kuma ya gan shi yana motsi a ruwa kafin a kama masa. Maƙwabciyata, tsohuwa ce da ta yi ritaya, kullum da sassafe sai ta ja ɗan kekenta na cefane zuwa kasuwar unguwa. Abin da take dawowa da shi bai wuce na wuni ɗaya ba: damin ganye biyu, yankan tofu, citta, kifi guda da aka kankare mata a gabanta. Mai ganyen ta san ta, takan ƙara mata gyaran albasa mai lawashi ba tare da ta roƙa ba. Matasa kuwa da ba su da lokacin kasuwa, waya suke latsawa. Kantunan Hema na kamfanin Alibaba sun yi alkawarin kawo kaya cikin minti 30 ga wanda ke zaune tsakanin kilomita uku, kuma tituna cike suke da 'yan babur masu rigar rawaya da masu shuɗiya suna kai saƙo.

Mutumin da cefane ke iske shi a ƙofar ɗaki cikin rabin awa, me zai kai shi bayan gari ya biya kuɗin shiga, ya tura amalanken da ya kusa faɗin ƙofa? A ganina yarda ya je saye. A 2008 aka gano an gauraya madarar jarirai da sinadarin melamin. Yara kusan 300,000 suka kamu da rashin lafiya, shida suka rasu, kamfanin madara na Sanlu ya rushe. Iyayen da suka ga wannan ba su manta ba. Shekaru suka yi suna aiken 'yan uwa da ɗalibai su sayo musu madara da magungunan ƙarin lafiya daga Hong Kong da Ostireliya, har abin ya zama sana'a. Costco ya san da haka, shi ya sa tun 2014 ya fara sayar da kayansa ga Sinawa ta dandalin Tmall na intanet, ya ɗanɗana kasuwar shekara biyar kafin ya kafa tubali. Ranar buɗewa ma abin da aka yi wawaso ya nuna inda zuciyar mutane take. An kwashe naman shanu na waje da gasassun kaji, an kwashe jakunkunan mata na Hermès, an kuma kwashe barasar Moutai da aka sa wa yuwan 1,498 alhali a waje ta haura 2,000. Moutai kuwa kayan Sin ne, a lardin Guizhou ake yin ta, amma jabunta ya yi yawa a kasuwa. Sinawa sun yi layi a kantin Amurkawa don su sayi abin ƙasarsu da tabbacin na gaske ne.

Ƙarancin nau'in kaya ma a nan daraja ce. Wanda ya buɗe kasuwar intanet ta Taobao yana neman man zaitun zai ga ɗaruruwan masu sayarwa, kowa na yabon nasa, bai san na kirki ba. A sito kuwa iri biyu ne, wani ya riga ya tace, kuma in bai yi maka ba ka mayar a ba ka kuɗinka. Katin kansa ana mayarwa. Kwanaki kaɗan da buɗewa aka ga layin masu mayar da kati, waɗanda suka zo don arahar ranar farko, suka tarar ta wuce. Ban ga laifinsu ba, ciniki ya gaji haka.

Sauran matsalar ita ce yawan kayan, kuma yadda Sinawa suka warware ta shi ne abin da ya fi burge ni. Ba su canza girman firijinsu ba, raba kayan suke yi. A zaurukan WeChat na maƙwabta ko na abokan aiki, wani zai sanar cewa zai je sito ranar Asabar, wa ke son rabin fakitin burodi, wa zai shiga nama. A dawo a zauna da ƙananan ledoji da sikelin kicin, a auna, kowa ya tura kuɗinsa ta waya nan take. Duk wanda ya taɓa shiga watanda da Sallah, aka haɗa kuɗi aka sayi sa aka kasa shi tsibi-tsibi, ya san wannan lissafi ba sai an koya masa ba. Wasu ma sun mayar da shi hanyar abinci: suna da kati, su saro, su warware fakiti, su sayar ɗai-ɗai a intanet da 'yar riba ga wanda ba shi da kati ko yake garin da babu kantin. Kamfanin ya tsara harkarsa ne a kan gida ɗaya, kati ɗaya, mota ɗaya. A nan kati guda yakan ciyar da gidaje da dama.

Wanda ya fi fahimtar wannan ƙasa, a ra'ayina, abokin gogayyar Costco ne, wato Sam's Club na kamfanin Walmart. Tun 1996 ya buɗe a Shenzhen, ya daɗe yana tafiyar hawainiya kafin masu matsakaicin hali su yawaita. Katinsa yuwan 260 ne. Shi bai tsaya jiran mutane su zo da mota ba. Ya kafa ƙananan rumbuna a cikin unguwanni, inda 'yan babur ke ɗauko kayan da aka fi nema su kai gida cikin awa ɗaya. Wato ya riƙe katin da tace kaya, ya sassauta maganar tafiya bayan gari. Zuwa ƙarshen 2024 yana da kantuna wajen 50 a Sin. Costco kuwa bakwai: biyu a Shanghai, sai Suzhou da aka buɗe a 2021, Ningbo da Hangzhou a 2023, Shenzhen da Nanjing a 2024. Costco ya fi son ka zo da ƙafarka, domin wanda ya shigo neman madara yakan fita da bargo da tukunya, kuma wannan dabara tana aiki a ko'ina. Amma a garin da aka saba da kawo kaya har gida, tana rage masa yawan waɗanda zai kai gare su.

Jerin garuruwan nan ma abin dubawa ne. Shida daga cikin bakwai suna yankin bakin kogin Yangtze, ɗayan a Shenzhen, wato inda kuɗin ƙasar ya taru. A watan Mayun 2020 Firaminista Li Keqiang ya faɗa a bainar jama'a cewa akwai Sinawa miliyan 600 da abin da suke samu a wata bai wuce wajen yuwan 1,000 ba. Ga waɗannan, kuɗin katin kaɗai ya kusa kashi ɗaya cikin uku na samun wata, tun ba a ɗora komai a amalanke ba. Wannan yana damuna, domin in tabbacin abinci mai kyau ne ake sayarwa a ƙofar sito, to su ma suna da jarirai, kuma su ne jabun kaya ya fi saurin faɗa wa. Hanyar da ta rage wa mafi yawansu ita ce mai warware fakiti a intanet, wanda ke miƙo musu kaya a ledar da ba hatimi, sau da yawa ba ranar lalacewa a jiki, kuma ba wurin mayarwa in an samu matsala.