Mai Hoto da Husufin Rana

Ranar 29 ga Maris, 2006, aka yi husufin rana wanda inuwarsa ta ratso Gana, ta bi ta kan Gusau da Katsina, ta shige Nijar. Tun ana sauran kwanaki jama'a suka shiga turara gilashi da hayaƙin aci-balbal, wasu kuma suna neman tsohon fim ɗin hoton ƙashi na asibiti. Akwai wani dattijo mai sana'ar hoto da yaran shagonsa suka so su liƙa irin wannan a bakin kyamara, ya hana su.

Hujjarsa ita ce, duhun abu ba ya nuna ya tare cuta. Gilashi mai hayaƙi yana rage hasken da ido ke gani, amma zafin da ba a gani yana wucewa abinsa. Tantanin da ke can cikin ido kuwa ba ya jin ciwo, saboda haka mutum zai ƙone shi bai sani ba, sai bayan sa'o'i ya ga tabo a tsakiyar duk abin da ya duba. Kyamara da madubin hangen nesa sun fi haɗari, domin aikinsu tara haske wuri guda, kamar yadda yara ke ƙona takarda da gilashi.

A wurinsa, gidan matacin kaɗai ake yi a gida, watau zoben kwali. Matacin kansa saye ake yi. Ya samo wata leda mai sheƙi ta kamfanin Baader, wadda kashi 1 cikin 100,000 na haske kurum take bari ya wuce. Ya yanka zobe biyu, ya sa ta tsakani, bai ja ta da ƙarfi ba, don 'yar tattara ba ta ɓata hoto, ja ne ke ɓata shi. Ya ɗaga ta gaban fitila yana neman huji, sa'an nan ya rufa ta a gaban madubi, ya ɗaure da salatif kada iska ko hannun yaro ya ture ta. Bai yarda a sa ta wajen da ido ke leƙawa ba, domin can zafi yake taruwa, ya huda ta nan take.

Yaran sun ce ya cika tsanani. Wataƙila haka ne, amma mai hoto da idonsa yake ci. Da duhu ya rufe ya cire matacin, da gefen rana ya leƙo ya mayar da shi, kafin ya ƙyale kowa ya sake kusantar kyamarar.