Abin da Na Gani a Ƙarƙashin Baƙin Ƙyalle

Hutun da ya wuce na je gida Dabai kallon Uhola, ina ta fankama da sabuwar wayata. Kawu ya dube ni ya yi murmushi, ya ce in jawo akwatin da ke ƙarƙashin gadonsa. Tsohuwar kyamararsa ce ta katako, mai ƙafa uku, tsakiyarta kamar zuga-zugin maƙera. Da babbar kyamara irin wannan Seydou Keïta ya yi suna a Bamako, inda ya buɗe shagonsa a 1948.

Fim biyu kacal suka rage masa, ga idonsa ya fara yana. Burinsa a ɗauki Kaka zaune a bakin rumbu, dawar bana shimfiɗe tun daga gindin kyamara har gabanta. Ba wanda ya faɗi dalilin gaggawar, amma kowa ya san Kaka ta kwana biyu a duniya.

Na lulluɓa da baƙin ƙyalle na leƙa gilashin baya. Komai a kife! In na saita zangarniyar kusa ta fito fes, Kaka ta dushe. In na kamo Kaka, dawa ta koma hazo.

"Kai ɗan boko, daina murɗe-murɗen nan," in ji Kawu. "Sunkuyar da idonta kaɗan."

Ya yi min bayani da kara a ƙasa. Muddin idon kyamara da fim suna tsaye cak, wurin da ke fitowa fes shi ma tsaye yake kamar katanga. Ka sunkuyar da idon gaba, katangar sai ta kwanta. Ka ƙaddara layi ya sauko daga fim, wani daga allon idon. In sun haɗu da doron ƙasa a wuri guda ƙarƙashin kyamara, duk abin da ke shimfiɗe zai fito. Daga baya na gano sunan ƙa'idar: Scheimpflug, wani hafsan sojan Ostiriya da ya yi mata rajista a 1904. Kawu bai taɓa jin sunansa ba.

Amma fa ba a banza ba. Ƙanena da ke tsaye kusa, ƙafarsa ta fito, kansa ya ɓace, domin yankin da ke fes siriri ne a kusa, sai da nisa yake buɗewa. Kawu ya ce ko ya zauna ko ya ba mu wuri. Ya zauna.

Fim na farko ni na kashe shi: na zare murfinsa ban rufe idon ba. Kawu bai ce uffan ba, ya miƙo min na biyun. Wallahi hannuna rawa yake yi.

Ya fito. Ana iya ƙirga ƙwayar dawa, ana ganin kowace tsaga a fuskar Kaka. Ita kuwa cewa ta yi mun tsofar da ita.

Kyamarar tana ɗakina a hostal yanzu. Wanda ya san inda ake samun fim ɗinta, don Allah ya neme ni.