Bayan An Kaɗa Ƙararrawa

A farkon shekarun 1990, lokacin da muke shiga musabaƙar Alƙur'ani, babu abin da ke tsinka wa ɗan takara zuciya kamar 'yar ƙararrawar da ke gaban shugaban alƙalai. Idan ka yi tuntuɓe a hadda sai a taɓa ta, a ba ka dama ka gyara da kanka. In ka kasa, alƙali ya buɗe maka, a zabtare maki mai kauri. Tsakanin ƙarar da buɗewar 'yan daƙiƙoƙi ne kawai, amma a cikinsu ake tantance mai wucewa da mai komawa gida.

Musabaƙar kanta tana da ƙuruciya a lokacin. A 1986 Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato ta faro ta ƙasa baki ɗaya, kuma kafin ka kai can sai ka haye ta ƙaramar hukuma da ta jiha. Akwai rukunin izu biyu, da goma, da ashirin, da arba'in, da sittin, da kuma sittin da tafsiri, inda manyan ke karawa. Wanda ya yi zarra yana iya wakiltar Najeriya a gasar Sarki Abdul'aziz a Makka. Ga ɗan talakan da ko jirgin ƙasa bai taɓa shiga ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da zarar an sa sunanka, unguwa duk ta sani. Mai shayi zai yi maka ƙari yana cewa "na Makka", tsofaffi su yi ta sa albarka, kai kuma ka kwana kana jin nauyin mutanen nan duka a wuyanka.

Malaminmu ɗan tsangaya ne, da Warshu ya tashi, sai da furfura ta fara fito masa ya durƙusa ya koyi Hafsu da tajwidi saboda mu. Bai yarda da haddar da ake yi a inuwa cikin kwanciyar hankali ba. Wannan, in ji shi, kowa ma gwani ne a ɗakin uwarsa. Yakan tashe mu cikin dare, ido bai gama buɗewa ba, ya jefo rabin aya ya ce a ɗora. Ranar kasuwa ya kai mu rumfar da ke jikin injin niƙa, ya zaunar da kai kana tilawa mata na cinikin gero a kanka. In baƙo ya zo daga wani gari, ko tabarma bai gama zama ba za a miƙa masa Alƙur'ani a ce ya ja mu daga inda ya ga dama.

Sai kuma cokalinsa da kwanon sha. Kana cikin karatu, murya ta zauna, ka fara jin daɗin kanka, sai ka ji ƙwal! Wani lokaci ka yi kuskure, wani lokaci kuwa ko wasali ba ka ci ba. Wata rana wani daga cikin manyanmu ya kasa haƙuri ya ce, "Allah gafarta Malam, ai daidai na karanta." Malam ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "To ɗan nan, in ka san daidai ne, me ya tsayar da kai?"

Dokarsa ɗaya ce idan an tsayar da kai, kuma ya nanata ta har ta zame mana jiki. Kada ka kalli alƙalai, kada ka laluba gaba da sauri. Ja numfashi, koma farkon ayar ko wajen da ka yi waƙafi, ka sake tahowa da irin takun da ka zo da shi. Yakan ce harshen mahaddaci kamar jakin mai itace ne, in ka sakar masa igiya ya san hanyar gida, kai ne mai ɓatar da shi da yawan ja. A mutashabihai ake ganin amfanin wannan. Aya ta 58 a Baƙara da ta 161 a A'arafi labari ɗaya suke bayarwa na Banu Isra'ila da shiga alƙarya, da kalmomi kusan iri ɗaya, an dai gabatar da wani abu a nan an jinkirta shi a can. Mai izu ashirin daga Baƙara dole ya bi ta kan duka biyun. Wanda ya tsaya yana tambayar kansa wacce ce wannan, sau da yawa sai ya tsinci kansa a cikin ɗayar surar bai san ya tsallaka ba.

A matakin jiha na ga abin da ya sa na fahimci cokalin Malam. Akwai wani gardi a rukunin izu sittin, daga wata ƙaramar hukuma, sunansa ya riga shi isowa. Ana cewa tun da ya sauke ba a taɓa gyara masa ba a bainar jama'a. Ya zaɓi ambulan ɗin tambayoyinsa, ya fara, zauren ya yi tsit, har da masu share hawaye. Tambayoyin farko ya wuce su kamar ruwa. Can cikin wata aka taɓa ƙararrawa, kan abin da bai kai ya kawo ba. Sai na ga ya ɗago ya dubi teburin alƙalai, irin kallon wanda aka mara bai san laifinsa ba. Gumi ya keto daga ƙasan hularsa, ya haɗiyi yawu, ya ci gaba daga inda yake maimakon ya koma baya. Aka sake kaɗawa. Daga nan numfashinsa ya gajarce, ya shiga tsayawa a inda ba a tsayawa, aka buɗe masa, aka ƙara buɗe masa. Da ya sauko hannunsa na rawa har ya kasa sa takalmi. Wanda ya ɗauki rukunin a ranar wani siririn yaro ne mai murya ba yabo ba fallasa. Shi ma an kaɗa masa, amma kowane lokaci sai ya yi shiru kaɗan, ya koma, ya wuce abinsa.

Mu da ke satar jiki zuwa kallon ƙwallo mun ga irin wannan a gasar cin kofin duniya ta 1994. Roberto Baggio, gwarzon ɗan wasan duniya na 1993, shi ya zura mana biyu ya fitar da Super Eagles a Amurka, ta biyun ma a bugun fanareti. Kwanaki kaɗan bayan haka, a wasan ƙarshe da Brazil, mutumin nan ya ɗaga fanaretin ƙarshe sama da raga. Mun yi ihun murna a lokacin, ban ɓoye ba, don haushinsa muke ji. Daga baya na karanta bayanin wata masaniyar halayyar ɗan Adam 'yar Amurka, Sian Beilock, a littafinta na 2010, cewa ƙwararre yakan daburce ne idan tsoro ya sa ya koma sa ido a kan abin da jikinsa ya riga ya iya yi ba tare da tunani ba. Malam bai san da ita ba, amma maganar jakinsa ke nan.

Abin da na daɗe ina juyawa shi ne labarin da muka ji game da gardin nan: a inda ya yi karatu, kowane kuskure bulala ce. Aka samu hadda mai ƙarfi ƙwarai, tare da yaron da bai taɓa koyon abin da ake yi bayan kuskure ba, sai dai jiran duka. Mutane kan ɗauka dukan ne ke sa dakiya. Ni dai waɗanda na ga sun daure a kan kujerar nan, yawancinsu waɗanda suka sha yin kuskure ne a gaban mutane, aka bar su suka gyara, gari kuma ya waye ba abin da ya same su. Malam yana da bulala rataye a bango, ta masu fashin makaranta ce, ban taɓa ganin ya sauke ta a kan mai tilawa ba. Kuma haziƙai sun fi kowa buƙatar wannan horon, domin su ne ake ta yabo har su manta yadda tuntuɓe yake.

Malaman islamiyya da na tsangaya masu shirya yara bana, don Allah ku riƙa tsayar da su gaban baƙi tun a gida, su ɓata su gyara, musamman wanda kuka fi ji da shi. Iyaye kuma, in yaro ya dawo daga musabaƙa, a bari ya ci abinci ya huta kafin a tambaye shi na nawa ya zo.