Akwatin Masu Zane a Gude

Daga Yola zuwa Mubi tafiyar kusan kilomita 200 ce, ta Song da Gombi da Hong. Tun kafin mu kai Mararraba duwatsun Mandara suka fara leƙowa, manyan motocin shanu kuma suna ta wuce mu za su Kudu, kowace da adonta a baya: zaki, dawisu, jirgin sama. Masu yin irin wannan ado na zo nema. Wani malamin makaranta ne ya kwatanta mini gidansu a yankin Gude, cikin ƙaramar hukumar Mubi ta Kudu mai hedikwata a Gella, ya ce zane gadonsu ne, kuma suna da akwatin takardu da ya kamata in gani.

Na tarar da maigidan a gindin darbejiya, dattijo mai furfura, faratansa duk shuɗin fenti. Bayan gaisuwa da ruwan sha, na ce, "Baba, takardun na zo gani." Ya ce, "Ɗana, sai ka fara ganin Inna, daga wajenta abin ya faro." Tsohuwar, ƙanwar mahaifinsa, ta sa aka sauko da ƙoren aurenta. A garwashi take gasa wuƙa har ta yi ja, sannan ta ƙona layi a bayan ƙwarya, siriri kusa da siriri, ba awo ba gogewa. Ba ta taɓa riƙe fensir ba. Irin wannan aiki na matan Adamawa ne T.J.H. Chappel ya yi wa littafi a 1977, Marla Berns da Barbara Hudson suka yi wani a Amurka a 1986.

Sannan aka jawo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Littattafan rubutu ne na 'yan firamare, da takardun buhun siminti da aka yanka aka ɗinke da zare, da rasidai, da wasiƙu. Na fari na mahaifin maigidan ne, wanda ya soma rubuta allunan shaguna da makarantu a Mubi. Ya rubuta kuɗin aiki da ajami, fam da sule, har inda lissafin ya koma naira a 1973. A shafi guda na ƙirga kan zaki bakwai, yana ta gyara muƙamuƙin har ya zauna daidai, a gefe kuma ya kwafe wani zanen ƙwaryar ƙanwarsa, wanda daga baya ya zama bakin adon ƙofar mota. Na daɗe a kan wannan shafi.

Abin da ya fi kama ni shi ne zayyanar allunan. Mubi ta zauna a hannun Jamus, ta koma hannun Ingila bayan yaƙin duniya na ɗaya, sai ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ta shigo da ita Najeriya. Daga nan takardun suka ɗauka. Wani allo na cewa Lardin Sardauna, wani Jihar Arewa maso Gabas, na bayan 1976 na cewa Gongola, na bayan 1991 Adamawa. Allunan kansu ruwa da rana sun cinye su tuni, ko an shafe an sake rubutu. Zayyanarsu kaɗai ta rage, a hannun mutanen da ba wanda ya taɓa kiran su masu ajiyar tarihi.

A ƙarshen Oktoba 2014, da Boko Haram suka shiga Mubi, iyalin sun hau dutse suka tsallaka Kamaru da abin da ke jikinsu. Dattijon ya ce ya naɗe akwatin a leda ya tura cikin rumbu. Sun dawo sun same shi, amma gara ta riga ta ci littattafai biyu, kuma har yanzu tana ci. Jikansa, da ke aiki a shagon buga alluna da kwamfuta a cikin gari, ya ɗauki hoton wasu shafuka a waya. Iyakar kariyar da suke da ita ke nan.

Na koma Mubi da la'asar raina ba daɗi. Garin na da jami'ar jiha da kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya, Kaduna na da Arewa House da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa. Ba sai an raba iyalin da kayansu ba. Ɗalibi ɗaya da kyamara, da izinin masu gida, zai iya kwafe akwatin nan kaf, ya zauna da Inna ta faɗa masa sunan kowane zane tun tana da ƙarfi. Malaman tarihi da na zane a Mubi, hanyar Gude ba ta da nisa, ku je kafin damina ta sake zagayowa.