Makaɗan Da Jama'a Ce Ubangidansu

Makaɗa iri biyu ne a wurinmu. Akwai na fada, irin su Narambaɗa da Ɗanƙwairo, waɗanda sarakuna ke ciyarwa, su tufasar, har su ba su dawaki. Akwai kuma waɗanda jama'a ce ubangidansu, irin su Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Waɗannan sun yi suna ko'ina. Amma a bayansu akwai wasu da yawa waɗanda sunansu bai wuce unguwarsu ba. To, a kansu nake so in yi magana da ku, 'yan'uwana ɗalibai, gama a cikinsu na tashi.

Ni mutumin Sabo ne ta Ibadan, unguwar da aka keɓe wa Hausawa tun 1916. A bayan gidanmu akwai waɗansu makaɗan kalangu su shida. Ba su da faifai, ba su da mai yi musu talla. In ana suna ko biki sai a aiko musu da goron gayyata. Bayan sallar lisha a jera kujeru a ƙofar gida, a ta da janareta, su fara. Mai babban kalangu yakan rataya shi a hammata. In ya matse tsirkiya murya ta hau, in ya saki ta sauka, har kalangu ya ambaci sunan mutum. Ɗan karɓi na bi masa, 'yan amshi na amsawa, sanƙira kuwa yana shelar wanda ya yi kyauta da abin da ya bayar. Maƙwabtanmu Yarbawa sukan zo kallo, ba sa bukatar tafinta, don su ma gangarsu magana take yi.

Albashinsu liƙi ne kawai. In an tashi sai su zube kuɗin a tabarma, su fid da na hayar lasifika da na mai, sa'an nan su raba saura. Wata rana a samu, wata rana a rasa. A farkon 2023, da takardun naira suka yi wuya saboda canjin kuɗi, na ga sun raba dare suna kiɗa, abin da suka tara bai kai kuɗin mota ba. Ga kuma dokar Babban Banki ta 2007 da ta hana liƙa naira, wadda aka matsa a kanta a 2024. Yanzu faranti suke ajewa a gabansu. Abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya kuwa shi ne mai sa waƙa da kwamfuta, don baki ɗaya ya fi baki shida araha.

Saboda haka kowannensu yana da sana'ar rana. Ɗaya ɗan acaba ne, ɗaya yana sai da goro. Shugabansu, wanda muke ce wa Baba, tela ne. In ka je shagonsa ba za ka ji zancen kiɗa ba. Rediyo na rataye jikin ƙusa, ba ya barin labarun safe su wuce shi. Yana da tattabaru a bayan ɗaki, ya san kowace da halinta. Ƙwallo kuwa, Shooting Stars yake so, har gobe yana ba yara labarin kofin Afirka da suka ɗauko a 1976. In an ce masa ai Bahaushe Kano Pillars ya kamata ya bi, sai ya yi dariya ya ce shi a nan aka binne cibiyarsa.

Abin da na lura shi ne, wannan zama na shago shi ne gonar waƙarsa. Tsadar gari, rigimar mai haya da mai gida, yaron da ya ci jarrabawa, duk a bakin keken ɗinki yake jinsu, da dare su fito a waƙa. Kwamfuta ba ta san wanda ya haihu jiya a layinmu ba, ba ta kuma san sunan kakan ango ba. Shi ya sani.

To, mu da za mu zama malamai, 'ya'yan irin waɗannan mutane za su zauna a gabanmu. Kada mu bari a riƙa yi wa yaro gorin ɗan maroƙi a aji, har ya ji kunyar sana'ar ubansa. Kowa ya raina tsayuwar wata, ya hau ya gyara. Kuma ina roƙon shugabannin ƙungiyar ɗalibai, in bikin sallamar 'yan ajin ƙarshe ya zo, a nemo makaɗa masu rai daga cikin gari, a biya su hakkinsu tun kafin su ɗauki kalangu. In mu da muka san darajar harshe ba mu kira su ba, wa zai kira su?